Ɗawafin Baba a Ɗakin Mma Adijatu

Ƙanena Mutaru ya iya ba da umarni daga nesa. Yana can Italiya yana fentin motoci, amma in ya bugo waya sai ka rantse shi ke share mana tsakar gida a Nyohini kowace safiya. Shi ya biya wa Baba kujerar Makka ta bana, wannan kam Allah ya saka masa da alheri, ba ni da ta cewa. Shi ne kuma ya aiko da wani kwali ta hannun abokinsa, ya ce da ni, "Sista Zuweira, minti goma za ki haɗa shi, ba wani abu ba ne." Kwana takwas muka yi kafin abin ya yi amfani, kuma mafi yawan laifin nawa ne.

Babanmu, Baba Yidana, mai gyaran keke ne, shekara arba'in da 'yan kai a gindin bishiya ɗaya a bakin titi. Ba a yi wata guda da biyan kujerar ba jininsa ya hau, ɓarin hagu ya ɗan shanye. Aka yi magani, hannu ya dawo, ƙafa ma ta kama hanya. Sai wata Juma'a ya ce shi da kansa zai je masallaci, ba ya son rakiya. Ya faɗi a bakin ƙofar masallacin, a gaban jama'a. Mutum huɗu suka ɗauko shi zuwa gida, wani na biye da hularsa a hannu. Tun daga ranar bai sake taka ƙofar gida ba. Daga ɗakinsa sai bayi, yana dafa bango.

Muka ce masa ba komai, a can akwai masu tura mutum a keke har ya gama ɗawafinsa. Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

"Ni na gyara kekunan rabin Tamale," ya ce. "Ba wanda zai tura ni kamar buhun masara a gaban ɗakin Allah. In ƙafata ba za ta kai ni ba, a ba wani kujerar."

Baba ba ya maimaita magana. Wakilin alhazai kuma ya ce nan da sati biyar yake son amsa, e ko a'a, don ya san yadda zai yi da sunan. Mutumin da tun ina yarinya nake jin yana cewa "in Allah ya kira ni", ga shi an kira shi, shi kuma yana zaune a kan kujerar roba yana kallon bango. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Mai zuwa duba shi sau biyu a sati ita ce Joana, ma'aikaciyar asibiti ce mai koya wa masu irin ciwonsa tafiya. 'Yar Takoradi ce, Kirista, da ɗan gicciyenta a wuya, tana zuwa a kan wani jan moto, wato babur, mai tari. Hausarta ta kasuwa ce, kuma a Hausar Joana kowa namiji ne, da ni, da ita, da akuyar maƙwabta. Ta kira ni gefe ta ce, "Sista Zuweira, kafa ya warke, ni na gani. Tsoro ne bai warke ba."

Ita na nuna wa kwalin Mutaru. A ciki akwai wani ƙaton tabarau da ake ɗaurawa a kai ya rufe ido gaba ɗaya, wai shi Bi-Ar, da doguwar igiya a bayansa. Akwai rimot biyu na riƙewa, da wasu baƙaƙen akwatuna biyu da ba su fi sabulun wanki girma ba, sai kwamfuta ta hannu, duk tsofaffi. Mutaru ya ce ya sa hoton masallacin Makka a ciki. In ka ɗaura tabaran ka taka a ɗakinka, sai ka ga kana takawa a can. Ni dai na ɗauka wasan samarin Turai ne. Joana kuwa idonta ya buɗe, ta ce ta taɓa ganin an yi wa marasa lafiya aiki da irinsa a wani horo da ta je Accra. Ta ce ranar Asabar ba ta aiki, za ta zo.

Abu na farko da na'urar ke so shi ne fili. Joana ta auna ɗakin Baba da tef ta girgiza kai, ta auna nawa ta yi dariya. Ɗaki ɗaya ne a gidan mai faɗin da mutum zai zaga, shi ne na mahaifiyarmu, Mma Adijatu, wanda ke kulle shekara uku tun rasuwarta. Na durƙusa na roƙi Baba makulli. Ya daɗe kafin ya ciro shi daga aljihu, da sharaɗi ɗaya: ko cokalinta kada ya fita daga ɗakin.

Haka muka kwance gado muka jingine shi da bango, muka ɗora akwatuna kan juna a lungu. Ƙaton kabet ɗinta mai gilashi kam ko motsa shi ba mu iya ba. Joana ta miƙa hannu sama ta ga yana kusa da fanka, ta ce sai an cire fukafukan, kada Baba ya ɗaga hannu ya ji ciwo. A watan Afrilu ne fa, ɗaki mai rufin kwano ba silin. Na cire su ina ƙunƙuni.

Baƙaƙen akwatunan nan biyu, in ji Joana, su ne idanun na'urar. Dole a kafa su a kusurwa biyu masu kallon juna, sama da kan mutum, a ɗan sunkuyar da su ƙasa, kuma kada su motsa ko kaɗan. Muka buga ƙusa, bangon ya zubo mana da gari. Muka sake bugawa, ya sake zubowa. Duk wannan Baba na zaune a baranda ya ba mu gefe, wai shi rediyo yake ji. A bugu na huɗu ya kashe rediyon.

"Za ku rushe wa matata ɗaki," ya ce. "Zuweira, ɗauko min akwatin aiki."

Wata huɗu rabon da ya nemi akwatin nan. Ya zaro ƙarfen da ake maƙala fitilar keke guda biyu, ya lanƙwasa su da filaya a kan gwiwarsa, ya yanka tsohuwar robar taya siri-siri. Ya ce in hau tebur in ɗaure su a katakon rufi, yana daga zaune yana faɗa, "Ja! Ki ja da kyau, hannun ofis kawai." Da na gama ko girgiza ba sa yi. Joana ta tafa masa, shi kuma ya kunna rediyonsa kamar ba shi ba.

Da muka kunna, Joana ta gwada tabaran ta ce ƙasa na zamewa, hoto na rawa. Ta duba nan ta duba can, sai ta tsaya a gaban kabet. Gilashin ne, da tukwanen silba da kofunan da Mma ta jera ba a taɓa shan ruwa da su ba. Ƙyallinsu ke ruɗa idanun. Fitar da su kuwa ba hali. Na buɗe akwatin Mma na ciro zannuwanta uku muka lulluɓe kabet ɗin. Ƙamshin turarenta ya tashi, sai da na fita tsakar gida na ɗan tsaya kafin na dawo. Hoto dai ya daina rawa.

Saura tambayoyin kwamfuta. Ta ce a ajiye rimot a ƙasa don ta san inda daɓe yake, muka ajiye. Sai ta ce a nuna mata gaban ɗakin. Joana ta juyo da rimot a hannu.

"Sista Zuweira, ina gaban daki?"

Na gaji, gumi har cikin ido. Na nuna mata teburin da ke kusa da ƙofa, inda soket yake, inda muka ɗora kwamfutar. Ta saita rimot can ta danna. Daga nan ta bi gefen ɗakin a hankali tana zana iyaka, tana barin taku ɗaya tsakaninta da kaya, ta yadda in mutum ya kusa bango sai wata shuɗiyar raga ta bayyana a idonsa ta tsayar da shi.

Muka shigo da Baba, Joana na riƙe da shi ta ƙugu. Ta ɗaura masa tabaran. Na ga ya juya kai a hankali ya dubi bayansa, ya dawo da shi gaba, ya sake juyawa. Ƙafarsa ta hagu ta fara rawa. Bai cika minti ɗaya ba ya cire, ya miƙa wa Joana da hannu biyu.

"An gode, ɗiyata. Allah ya yi miki albarka."

Ya dafa bango ya koma ɗakinsa. Lahadi na ce ya zo mu sake gwadawa, ya ce ya gaji. Litinin ya ce kansa na ciwo. Talata ko amsa bai ba ni ba. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba, ko a ofishinmu na gwamnati inda nake buga hatimi a takardu sun sani. Na tsaya a kansa, ban ko durƙusa ba, na ce, "Baba, tsoro ne kawai. Mutaru ya yi nasa, baƙuwa ta bar hutunta ta sha zafi, kai kuma ko taku ɗaya ka ƙi yi." Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Bai yi fushi ba. Cewa kawai ya yi, "Yarinyar ta yi wahala, gaskiya ne."

Ranar Laraba na dawo daga aiki da niyyar in mayar da komai cikin kwali. Na buɗe ɗakin, na ce bari dai in ga abin da aka wahalar da ni a kansa. Na kunna, na ɗaura.

Ban shirya ba. Farin daɓe ya shimfiɗu a ƙarƙashin ƙafata, jama'a cikin fararen kaya ta ko'ina, muryoyi na tashi ƙasa-ƙasa. Ga Ka'aba a gabana, baƙa, ta fi yadda nake zato girma. Na san hoto ne, na san Mutaru ne ya saya a hannun wani Bature, amma tsigar jikina ta tashi. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, sai da na jiyo kiran la'asar daga masallacin unguwa. Na cire tabaran da sauri don in je alwala.

Sai na ga fuskata na kallon ƙofa da soket. Na juya baya. A can ɗaya gefen, kusa da taga, jan fentin daɓe ya koɗe ko'ina sai wuri ɗaya, wani dogon murabba'i da ya ɗan karkata hagu, inda dardumar Mma ta kwanta shekara talatin. Nan ne alƙibla. Duk wanda ya tashi a gidan nan ya san ta ido rufe, ba sai ya yi tunani ba. An tambaye ni gaban ɗaki, ni 'yar gida, na nuna soket. Mun sa wa Baba Ka'aba a yamma, ya ba wa ta gaskiya baya.

Bayan na yi salla na je na durƙusa a gabansa, wannan karon da kyau.

"Baba, baya muka sa ka ba wa alƙibla."

"Sai yau?" ya ce.

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Yarinyar nan ba addininta ba ne, ta yi iya saninta, ta bar hutunta. In ce mata aikinta ya karkace a gaban idonta? Ke kuwa na ɗauka za ki gani."

Maganar ta shige ni, amma bakina bai iya shiru ba. Na ce ai hoto ne kawai, ba salla za a yi ba, kuma a can cikin masallacin ta kowane gefe mutum ke fuskantar ta.

"A can ne," ya ce. "Nan Nyohini ne, tafin ƙafata na kan simintin da na zuba da hannuna. Idona ya ce min ga ta a gaba, ƙafata ta ce ƙarya ne, tana baya. Ƙafar da har yanzu ba ta gama yarda da ni ba, ita zan sa ta bi ƙarya? Jiri ne ya ɗebe ni, Zuweira. Na ji zan sake faɗuwa."

Na ba shi haƙuri a kan maganar Talata. Ya ce in tashi, gwiwar ofis ba ta saba ba.

Na ji nauyin gaya wa Joana, amma da ta zo ranar Asabar na faɗa mata tun tana kafe motonta. Ta dafa kai, ta kira Ubangiji da yarensu.

"Ei, Awurade! Me ya sa ba ka gaya ni ba? Minti biyu ne!" Ta shiga ta gaishe da Baba da yaren garinmu, "Baba, dasiba."

"Naa," ya amsa.

"Baba, yau kai ne injiniya. Ni ban san hanya ba, kai ka nuna."

Ta goge duk abin da muka yi ta faro daga farko. Da aka zo tambayar gaban ɗaki, ta durƙusa a kan shaidar dardumar Mma, ta kwantar da rimot a tsawonta. Baba na tsaye a bakin ƙofa. Ya miƙa sandarsa ya ture bakin rimot ɗin hagu, bai fi faɗin yatsa ba.

"Nan."

Ta ɗaga shi a yadda yake ta danna. Ta sake zana iyaka. Filin ya ɗan ragu saboda karkatar, amma ya isa a zaga. Na tsaya ina kallon macen nan da gicciyenta na lilo a wuya, tana rarrafe a ɗakin uwata tana daidaita wa ubana alƙibla, na ji ƙaunarta ta cika mini zuciya.

Baba ya tsaya a kan shaidar, aka ɗaura masa. Wannan karon bai waiga ba. Leɓensa ya motsa, na ji ya yi kabbara ƙasa-ƙasa, sai ga ruwa na biyo ƙasan tabaran zuwa gemunsa. Joana ta sa hannu a ƙugunsa ta ce, "Kadan kadan, Baba." Ya ɗaga ƙafar dama, ya jawo ta hagu. Da ka fara tafiya na'urar na mayar maka da Ka'aba hannun hagu, kai kuma kana zaga ɗaki, zagaye goma na ɗaki shi ne ɗaya na can.

A zagaye na huɗu na ɗaki igiya ta ƙare. Ɗawafi hannu ɗaya ake yinsa, igiyar kuwa daga kan Baba take zuwa kwamfutar da ke tebur, saboda haka duk zagaye sai ta murɗe ta naɗe. Ta kama shi a idon sawu, ba don Joana ba da ya kai ƙasa. Na ce shi ke nan, an koma gidan jiya.

"Baba, ka juya wancan hannu, igiya ya warware," in ji Joana.

"Ba a yi," ya ce, tabarau na kansa bai cire ba. "Ku san yadda za ku yi da igiyarku. Ni ban gama ba."

Wannan "ban gama ba" ita ce magana mafi daɗi da na ji a shekarar. Joana ta ce in kwamfutar na biye da shi igiya ba za ta murɗe ba, amma in an sa ta a jaka zafi zai kashe ta. Na dubi kwamfutar, na dubi saman kabet inda babban tiren Mma yake. Shekara goma sha biyar rabona da ɗaukar kaya a ka. Ranar da na samu aikin ofis na rantse na gama, har gori nake yi wa ƙawayena na kasuwa. Na naɗe ɗankwali na yi gammo. Joana ta ɗora kwamfutar a tire, ta haɗa wani ɗan akwati da igiyar ke shiga cikinsa da batir, ta ɗaure su duka da ragowar robar Baba. Na ɗauka na tsaya a bayansa, taku biyu tsakaninmu.

Haka muka yi sati huɗu. Kullum da gari ya waye, kafin in tafi aiki, kafin kwano ya ɗau zafi. Joana na zuwa ranakunta, sauran ranakun mu biyu ne. Shi yana Makka, ni ina kallon zannuwan Mma da ƙafar gado, kwamfuta na hura mini zafi a tsakar ka. Tun da ba ya ganina, duk ya zo kwanar taga sai ya rage tafiya ya ce, "Kina nan?" Ni kuma in ce, "Ina nan, Baba." In ya zo daidai baƙin dutse sai ya ɗaga hannun dama ya yi bisimilla da kabbara, a nan na gode wa Joana da ta sa na cire fukafukan fanka.

Ranar farko zagaye ɗaya na Ka'aba ya yi ya zauna yana haki. Ƙarshen sati ya kai biyu. A sati na biyu ya bar sanda a bakin ƙofa, wai tana hana shi riƙe rimot. Akwai ranar da aka ɗauke wuta idanun suka mutu, na yi murna a raina zan huta. Ya ce in ajiye tiren, ya zaga ɗakin sau ashirin da idonsa na Allah, kuma ko a ranar sai da ya tambaye ni ko ina nan, alhali yana ganina. Wuyana ya yi ciwo har a ofis suka fara tambaya ko na koma talla. Na ce e, na koma.

Ranar Alhamis ta sati na huɗu ya cika bakwai. Zagaye saba'in na ɗakin Mma. Batir ya yi ja, rigarsa ta jiƙe sharaf. Ya cire tabaran ya zauna a kan akwati. Da na gaya wa Joana a waya ta yi ihu, sannan ta ce, "Yoo. Amma daki ba titi ba ne. Saura waje."

Ban san yadda zan faɗa masa ba, ashe ba sai na faɗa ba. Washegari Juma'a na dawo da wuri ina wanke-wanke, sai na ji ƙarar ƙofar gida. Na leƙa. Baba ne cikin farar rigarsa, ya riga ya kai bakin kwata. Na zari mayafi na bi shi daga nesa, ina ɓuya a bayan masu yalo-yalo, kekunan haya masu ƙafa uku. Ya bi ta gaban mai kosai, ya amsa gaisuwar mutum biyar ba tare da ya tsaya ba, ya isa ƙofar da ya faɗi. A nan ya ɗan dakata. Ya cire takalmi, ya sunkuya ya ɗauka da hannunsa, ya shiga. Da yamma shi da kansa ya kira wakilin alhazai ya ce a bar sunan.

Ranar da muka raka shi filin jirgin Tamale, Joana ta zo a kan jan motonta. Baba ya tambaye ta me zai roƙa mata. Ta ce ya roƙa wa mamanta lafiyar ido. Ya ce ta faɗi sunan, ta faɗa, ya maimaita sau uku don kada ya manta.

Kwana shida bayan nan, ina ofis da rana, waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Baba ne, hayaniya a bayansa, muryarsa ta dushe.

"Zuweira, na yi. Bakwai."

"Da ƙafarka, Baba?"

"Da ta wa? Ki gaya wa Likita Joana. Ki ce mata na faɗi sunan mamanta. Ki gaya wa Mutaru hotonsa bai kai rabi ba, amma Allah ya biya shi." Sai ya sassauta murya. "Sai dai na yi abin kunya. A zagaye na uku na zo wata kwana, na rage tafiya, na ce kina nan? Da ƙarfi fa, a cikin mutane."

Na ƙara manna wayar a kunne, ya ci gaba.

"Wata mata ce a bayana, ban san ta ba, daga jin Hausarta 'yar Nijar ce. Ta ce, muna nan, Baba, ci gaba. Ban waiga ba. Sauran huɗun ke na yi wa addu'a."

Hatimi na hannuna, mutum uku na layi suna jiran takardunsu. Na kifa kai a kan tebur na yi kuka sosai, na godiya, ban damu da wanda ke kallo ba. Wayar na kunnena har yanzu, ina jin hayaniyar Makka.

"Zuweira? Kina nan?"

"Ina nan, Baba."